Maigadin Firizar Inna Lantana

Da hantsi Inna Lantana ta zo daga Gwammaja,
an turo mata firiza a baro
kamar majinyacin da asibiti ta gaji da shi.
Kwamfuresa na uku ke nan bana.
Shekaranjiya wuta ta zo kamar aradu,
jiya ta zo kamar fitilar aci-balbal.
Zoɓo ya yi tsami,
ƙanƙara ta koma ruwan da ta fito.
Ta ce, "Sabi'u, na gaji da gyara.
Maigadi nake so."

Na juya bayan takardar kuɗin wuta,
wadda ba ta taɓa yi mini rana ba sai yau,
na ja layi biyu da biro.
Na ƙasa, ɗari da tamanin.
Na sama, ɗari biyu da hamsin.
Abin da ke tsakaninsu shi ne tagar,
ƙuntatacciya kamar lokacin Magariba:
ka yi gaggawa ba ta yi ba,
ka yi nawa ta wuce.

A Sabon Gari na sayo wani ɗan baƙin abu,
bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
ƙafa takwas kamar gizo-gizo,
amma alƙalai biyu ne zaune a cikinsa.
Ɗaya bai iya komai ba sai "Ta yi yawa."
Ɗayan, "Ta yi kaɗan."
Sai sun yi shiru su duka
ƙofa take buɗewa.

To, alƙali da me zai auna?
Na jera resista uku kamar matakalar soro,
dubu da ɗari uku a sama,
dubu cif a tsakiya,
dubu biyu da ɗari bakwai a gindi.
Inda suka haɗu, gaɓa biyu,
nan na kafa iyakokin.
Hayaƙin dalma ya shiga idona, na yi murna da wuri.

Bayan Isha wuta ta faɗi warwas,
fankar shago tana jan jiki kamar tsohon jaki,
alƙalaina ko tari ba su yi ba.
Na dafa mita, na dafa kai.
Ashe daga wutar da ake tuhuma
na ɗebo ma'aunin.
Hatsi ya ragu, mudu ma ya ƙanƙance tare da shi.
Wa zai sami gaskiya wurin alƙalin
da ke cin tuwon dare gidan wanda ake ƙara?

Sai na nemo dayod zena, ɗan ja mai taurin kai.
Bolt biyar da ɗigo ɗaya ya sani,
ko sama da ƙasa za su haɗu.
A kansa na sake dasa matakalar.

Saura ɗaya.
In wuta ta tsaya daidai bakin layi
sai rile ya kama kakkaɓar haƙora,
i, a'a, i, a'a,
har Nafi'u yaron shago ya ce mazari ne ya kama shi.
Na ɗauko resista mai miliyan guda,
na maido da ɗan hukuncin zuwa kunnen mai hukunci,
don ya tuna abin da ya faɗa ɗazu.
In ka ce a'a, riƙe ta
sai an ba ka dalili mai ƙwari.

Ranar Laraba na kafa shi a zaurenta.
Koriyar fitila ta kama,
firiza ta ja numfashi, ta soma gurnani.
Ta miƙo mini zoɓo a kofin silba.
Ban kai rabi ba unguwa ta yi ɗif.
Ba yawa, ba kaɗan. Babu.

Ta ce, "Wannan fa, maigadin naka?"
Na ce, "Inna, taga na yi miki.
Rana ba a hannuna take ba."